Ciyawar Cikin Shinge da Ciyawar Waje

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin hukumar kula da muhalli, manajan kamfani da ma'aikatansa, Injiniya, wadda a ƙarƙashinta nake aiki, shugaban makiyaya da jama'arsa, dattawan gari, iyayenmu mata, waɗanda suka samu inuwa da waɗanda rumfa ba ta kai kansu ba, 'yan'uwa maza da mata da kuka baro ayyukanku kuka taru a bakin wannan shinge: amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku baki ɗaya.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana da rai da lafiya. Ina gode wa shugaba da ya ba ni wuri a gabanku, ina gode wa Injiniya da ta ce in tashi, ina kuma gode muku da kuka yi shiru tun ban ce komai ba. A tsarin taro an rubuta cewa zan yi 'yar gajeriyar magana, in ce ciyawa ta kai, a yi tafi, a buɗe ƙofa. Ina neman afuwa, zan ɗan wuce haka. Ku kuma yi haƙuri da ni, karantawa nake yi. Na saba rubuta abin da na gani idan na dawo daga fili, ban saba faɗinsa ba, har yau da na ji muryata a lasifika sai na ɗauka ta wani ce.

Da yawanku ba ku san sunana ba, kuma ba laifinku ba ne. Kun san ni da Mai Taga, saboda firam ɗin ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da nake ratayawa a kafaɗa, wanda ya yi kama da taga da aka cire daga ɗaki. Ni ne wanda aka ajiye a nan don auna ciyawa.

Ga abin da ya tara mu. Filin da ke bayana tsohuwar mahaƙa ce. Da kamfani ya gama haƙa, ya cike ramin, ya shimfiɗa ƙasa a kai, ya watsa iri, ya kewaye wurin da waya. Yarjejeniya ta ce ranar da ciyawa ta rufe ƙasa yadda ya kamata, hukuma za ta sa hannu, a buɗe shinge, fili ya koma ga jama'a, dabbobi su shiga, kamfani ya tafi, ni ma in naɗe tabarmata in koma wurin iyalina. Yau ce aka sa. Rahoto ya ce fili ya ci jarrabawa, kuma rahoton da hannuna aka tara shi. Duk da haka na tashi ne in roƙe ku kada a buɗe shingen nan bana. Zan faɗi yadda muke awo, zan faɗi abin da na gani, sannan in faɗi abin da nake roƙo.

Na farko, yadda muke awo.

Daga inda kuke zaune, filin nan kore ne shar har iyakar gani. Ni ma idan na zauna haka nake ganinsa, kuma raina yana yi mini daɗi. Amma ido idan ya kalli ciyawa daga gefe, yana tara kara bayan kara, ganye bayan ganye, sai ya haɗa su wuri guda ya ce ƙasa ta rufu. Ruwan sama kuwa daga bisa yake zuwa. Shi ya sa mai awo ba ya hangen nesa. Tsayawa yake yi ya sunkuya, ya kalli tsakanin ƙafafunsa, ya ga nawa ne ganye ya rufe, nawa ne ke buɗe.

Amma ina zai tsaya? Idan aka bar mutum da zaɓinsa, ƙafarsa za ta kai shi inda ya fi kore, ko da shi mai gaskiya ne. Don haka ƙa'ida ta ce in juya wa wurin baya, in jefa firam ta saman kafaɗata ba tare da na waiwaya ba. Inda ya faɗi, nan zan auna. Ya faɗi kan gamba mai kauri, in rubuta. Ya faɗi kan tsakuwa, in rubuta. Ya taɓa faɗawa cikin ƙaya, na shiga na rubuta, na fito ina cire ta a wando har yamma.

Lokacin da ake da mai gadi a nan, wani dattijo da muke kira Baba, yakan zauna a bakin ƙofa yana kallona. Wata rana ya ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, wannan shi ne aikin? Ka juya baya ka jefi ƙasa da taga?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya ce, "Kuma sai da ka yi sakandare kafin a ba ka?"

Na ce, "Sai da na yi."

Ya ce, "To ni ma in sun tashi ƙarin mutum ka faɗa musu na iya jifa. Ƙofa ma zan iya jefawa."

Daga baya aka ga babu sauran abin sata a wurin, aka sallami Baba. Tun daga ranar ba wanda ya sake yi mini dariya a filin nan, kuma ban san dariyar tana da amfani ba sai da ta tafi.

Saura abu ɗaya a kan awo, kuma shi ne ƙashin bayan maganata, don haka ina roƙon ku riƙe shi. Ba a ce wa ciyawa ta kai haka kawai. Sai an kwatanta ta da wata. Tun farko masana suka zaɓi wani fili a waje da shinge, can gefen yamma, wanda katafila ba ta taɓa taka shi ba. Muna ce masa filin kwatance. Kowace kaka ina auna ciki, ina auna waje. Ranar da ciki ya kamo waje, an gama. Tunanin mai kyau ne: idan damina ta yi ƙaranci ta yi wa duka biyun, idan ta yi yawa ta yi wa duka biyun, don haka ba za a zalunci kowa ba.

Na biyu, abin da na gani.

Shekarar da na zo, idan na jefa firam a filin kwatance, sai na nemo shi da ƙafa, domin gamba ta haɗiye shi. Idan aka raba abin da ke cikin firam gida goma, takwas a rufe suke. A cikin shinge kuwa biyu ne kawai, sauran jar ƙasa. Bana cikin shinge ya kai biyar. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma waɗanda suka shimfiɗa ƙasar nan suka watsa iri sun cancanci yabo. Na ga guminsu. Bana filin kwatance ma biyar ne.

Ya ku jama'a, biyar da biyar sun yi daidai, kuma saboda sun yi daidai aka kafa rumfunan nan. Amma ciki bai hau ya iske waje ba. Waje ne ya sauko suka haɗu a hanya.

Na daɗe ina ganin yana sauka, ina ɗora wa damina laifi. Wadda ta warware mini ita ce Inna mai awaki, ga ta can zaune a layi na biyu, ina fatan ba za ta yi fushi da na ambace ta ba. Wata rana ina durƙushe a filin kwatance, awakinta sun kewaye ni, ɗaya har tana tauna igiyar firam, sai ta ce, "Mai Taga, me kake nema ne a ƙasa kullum? In kuɗi ka yar, yara sun daɗe da tsincewa."

Na ce, "Inna, ciyawa nake dubawa. Ta ragu ƙwarai, ban san dalili ba."

Ta dube ni, ta dubi awakin, ta ce, "Ba ka san dalili ba? Ga dalili nan yana cin igiyarka."

Na janye igiyar daga bakin akuyar. Ta ce, "Da can dabbobin garin nan daga nan har bayan tudu suke yawo. Kuka zo kuka haƙe, muka haƙura. Kuka gama kuka kewaye, muka haƙura. Kun kulle babban ɗaki kun bar mana zaure, kowa da kowa a zaure yake kwana, sannan ka zo kana tambaya me ya cinye tabarma?"

Gaskiya ta faɗa. Shingen da aka yi don ya kare ciki, shi ya tura kowane baki da kowane kofato zuwa waje, kuma cikin wajen da ya rage, filin kwatance ya fi kusa da rijiya. Ba laifin makiyaya ba ne. Dabba ba ta cin alkawari, sai ta ci wani abu kafin ranar da aka sa. Ba laifin masana ba ne. Ranar da suka zaɓi filin, filin kirki suka zaɓa. Ba laifin kamfani ba ne. Abin da aka ce ya yi, ya yi. Kowa ya bi ƙa'ida, ma'aunin ne ya rame a hannunmu muna kallo.

Wani zai ce, to, biyar ma ai ba kaɗan ba ce. A filin kwatance gaskiya ne, domin ƙarƙashinsa ƙasa ce mai zurfi, saiwoyi na nan a raye, in aka bar shi ya huta zai farfaɗo. Cikin shinge ba haka ba ne. Ƙasar kirki a nan ba ta wuce taƙi ɗaya ba a mafi yawan wurare. Ƙarƙashinta tarkacen dutse ne da aka fasa, wanda ko tafasa ba ta yarda ta fito a kai. Kuma yawancin koren da kuke gani kyasuwa ce da 'yan'uwanta, masu fitowa da damina su mutu da rani, saiwarsu ba ta riƙe komai. Gamba, wadda ke zama shekara da shekaru tana ɗaure ƙasa, sai gefen gabas ta kama sosai.

Na ga abin da zai faru, ba hasashe nake yi ba. Akwai wata kusurwa ta arewa da iska ta kayar da waya, shanu suka shiga suka yi rani guda kafin a kawo kayan gyara. Da ruwan farko ya sauka, ƙasar wurin ta tafi. Yanzu akwai zaizaya a can da za ta ɓoye mutum har ƙugu. Duk wanda yake so, bayan taro zan kai shi ya gani. Abin da aka yi shekaru ana shimfiɗawa, a hadari guda ya bi ruwa, kuma in kamfani ya tafi babu mai sake kawo wata ƙasa.

Na kai wa Injiniya wannan magana. Ta saurare ni har na gama, ta buɗe ƙa'ida ta karanta, ta ce, "Malam, takarda ta ce a kwatanta bana da bana. Na kwatanta, sun yi daidai, na sa hannu, kuma ban yi ƙarya ba."

Na ce, "Haka ne, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Amma ni sau ɗaya nake zuwa a shekara, kai kana nan. Ba ni da ikon canza ƙa'ida, masu fili kuwa suna da ikon cewa a dakata. Ka tashi a taro ka faɗa musu."

Na ce, "Ban iya magana ba."

Ta ce, "Ka rubuta. Wannan kam ka iya, har ka fi ƙarfina."

Na uku, kafin in yi roƙo, wajibi ne in faɗa muku inda nake shakkar kaina, domin in na ɓoye muku, na yi muku awo da zaɓi.

Mai yiwuwa damina tana da hannu fiye da yadda nake zato. Mai yiwuwa hannuna, bayan shekaru yana jifa, ya koyi inda yake son firam ya faɗi ba da sanina ba. Na gwada jifa da hagu don in kama shi, sakamako bai canza ba, amma ba zan rantse ba. Mai yiwuwa ciyawar ta fi yadda nake tsammani ƙarfi. Iyakar karatuna sakandare ne, sauran a filin nan na koya, kuma filin nan ba ya gyara wa mutum kuskure.

Akwai shakkar da ta fi waɗannan nauyi. Na san wasu za su ce Mai Taga ba ya son aiki ya ƙare ne. Na tambayi kaina wannan sau da yawa. Ɗakina kwantena ce ta ƙarfe a bayan tudun can: gado, tebur, kujera ɗaya, domin ta biyun Baba ya tafi da ita da izinina. Waya ba ta kamawa sai na hau saman tudu. Can nake tsayawa in kira gida, iska tana kwashe rabin magana. Lokacin da na zo, 'yata ƙarama tana koyon tafiya. Yanzu ita ke karanta wa mahaifiyarta saƙona. Duk sanda na kira, tambayarta ɗaya ce: "Baba, ciyawar ta gama girma?" Nakan ce saura kaɗan. Ta daina tambaya a bara, ban san ko ta gane ba ne ko ta gaji.

Idan na je hutu, sai in ga gida ya saba da rashina. Kowa ya san wurin zamansa, ni ne ake matsawa a ba wuri kamar baƙo. Ana hira, a ambaci mutane da ban sani ba, a yi dariyar abin da ya faru ba na nan. Sai in kama kaina ina kallon tsakar gida ina ƙiyasta nawa ne a rufe, nawa ne a buɗe. Don haka na tambayi kaina: ƙasar nan kake ji wa tsoro, ko komawa cikin mutane? Ban iya raba su tsaf ba. Abin da na sani shi ne, ko da tsorona ne ya sa na lura, takwas ta koma biyar, kuma zaizayar arewa tana nan ko ina nan ko ba na nan.

Ga roƙona, kuma na san ba ƙaramin abu nake nema ba daga mutanen da suka daɗe suna jira.

Ina roƙon a bar shingen nan damina biyu nan gaba. Ina roƙon a kewaye filin kwatance shi ma, ya huta, ya koma yadda yake, domin mu auna da ma'auni mai lafiya. Kuma domin ba daidai ba ne a ƙara kulle wa Inna zauren da ya rage mata, ina roƙon a buɗe gefen gabas, inda gamba ta kama, ga masu lauje ba ga kofato ba: a shiga a yanka, a ɗaure, a fitar wa dabbobi, bisa tsarin da shugaban makiyaya zai yi da jama'arsa. Lauje yana ɗaukar ganye ya bar saiwa. Wahala ce, na sani, yanka da dako sun fi sakin dabba wuya. Amma wahala ce ta damina biyu, ɗayar kuwa ban san ƙarshenta ba.

Ina roƙon wakilin hukuma ya riƙe alƙalaminsa. Ina roƙon manaja ya yi haƙuri da jinkirin da bai jawo ba. Ina roƙon makiyaya, ku da filin nan zai koma hannunku, ku karɓe shi ranar da zai iya ɗaukar ku.

Idan aka dakata, dole wani ya zauna ya ci gaba da awo. Na tambaya a ofis ko akwai mai so. An yi mini dariya cikin mutunci. Saboda haka ni ne.

Wannan sashe ban karanta wa kowa shi ba kafin yanzu. Mai ɗakina tana cikin taron nan. Da safe suka iso da ƙaninta, da motar da ya aro, kuma tun kafin a fara taro sun loda gadon da teburin. Ta share kwantenar, ta ce ba za a ce mijinta ya bar wa mutane datti ba. Na tsaya ina kallonta tana shara, takardar nan tana aljihuna. Maman yara, ki gafarce ni da kike ji tare da jama'a. Kin yi haƙurin da ban san yadda ake auna shi ba, ga shi na tashi a gaban mutane ina nema miki ƙari ba tare da na tambaye ki ba. Idan kin ce a'a, maganarki tana da nauyi a wurina fiye da yadda kike zato, kuma zan faɗa wa shugaba haka da bakina.

Mai girma shugaba, makullin ƙofa ga shi, na ajiye a kan teburinka. Fili na jama'a ne, shawara tasu ce. In suka ce a buɗe, ni zan riƙe muku ƙofar da hannuna, ba zan yi gunaguni ba, in shiga mota in tafi gida ina addu'ar Allah ya sa ni ne na yi kuskure. In suka ce a dakata, to ƙanin mai ɗakina, sai ka taimake ni mu sauke gadon kafin rana ta yi zafi. Teburin ni kaɗai ma zan iya.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yanke abin da ya fi alheri. Allah ya ba mu damina mai albarka, mai sauka a hankali. Allah ya ƙosar da dabbobinku, ya raya 'ya'yanku, ya rufa wa ƙasar nan asiri kamar yadda muke roƙon ya rufa mana. Allah ya saka wa duk wanda ke jiran wani a gida. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da su lafiya, ya sa su iske iyalinsu lafiya.

Na gode da kuka saurare ni har ƙarshe. Na gode.